Babi na Huɗu: Alherin da Ba Ya Jiran Sakayya

Shin akwai wanda yake yin alheri ba ya jiran komai? Kowa ya taɓa jin wannan tambaya, ko da ba da waɗannan kalmomi aka yi ta ba. A zaman makoki, bayan an shafa fatiha an ce marigayi mutumin kirki ne, sai ka ga wani ya sunkuya ya raɗa wa na kusa da shi, "Kirkin nasa ai da dalili." Ana yin ta ran da ɗan takara ya raba shinkafa da atamfa. Ana yin ta idan attajiri ya gina masallaci, ya sa aka rubuta sunansa a bakin ƙofa da manyan baƙaƙe. Ba mu da ikon leƙa zuciyar kowa, wannan na Allah ne. Abin da muke da ikon dubawa shi ne abin da magabata suka bar mana na tatsuniya da waƙa da littafi, mu ga wa suka kira mutumin kirki, kuma me ya yi ya ci sunan.

A wannan babi za mu tsaya a kwarin gulbin Rima, tsakanin Birnin Kebbi da Gwandu da Argungu, domin a nan aka yi wani malami da ya rubuta damuwarsa da hannunsa, sannan rayuwa ta jarraba shi a kan abin da ya rubuta.

Alheri mai riba

Mu fara daga gindin murhu. Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san labarin 'yar bora da 'yar mowa. An tura 'yar bora wanki a ruwan Bagaja, ta yi ta tafiya, tana tarar da abubuwan kwaɗayi tana kame bakinta. Ta haɗu da halittu masu ban mamaki, ta gaishe su da ladabi, ta yi abin da suka sa ta. Da aka ba ta zaɓin ƙwai sai ta ɗauki ƙarami. Ta koma gida da dukiya da dawaki. 'Yar mowa ta bi sawu da rashin kunya da haɗama, ta dawo da abin kunya.

Darasin a fili yake, kuma ya yi wa yara amfani shekara da shekaru. Amma ka lura da yadda aka ƙulla shi: ladabi ya biya, haƙuri ya biya, tun a nan duniya, tun kafin a ce ƙurunƙus. Karin maganarmu ma haka suke tafiya. Mun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Mun ce alheri gadon barci ne. Duk biyun alkawari suke yi wa mai alheri cewa abinsa zai dawo masa. Irin wannan alheri kamar adashe yake: kana zubi kowane mako da zuciya ɗaya, amma ka san ranar kwasarka tana nan tafe. Babu laifi a adashe, da shi mata da yawa suka aurar da 'ya'yansu. Sai dai ba wanda zai ce mai zubin adashe ya sadaukar da dukiyarsa.

Tatsuniya tana koya wa yaro cewa kirki ya fi tsiya riba. Abin da ba ta cika tambaya ba shi ne, idan kirkin ya zo da asara, kuma asarar ba za ta dawo ba, ya ke nan?

Bakin maroƙi

Makaɗa suna da nasu ma'auni. Ƙasar Kabi ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Argungu da Yawuri sun san gidan Ɗandawo da waƙoƙin fada. A waƙar yabo, mutumin kirki shi ne mai buɗaɗɗen hannu: ya ba da doki, ya ba da riga, a zamanin nan ya ba da mota ko kujerar Makka. Wanda ya hana kuwa zambo na jiransa. Wa aka ba kyautar? Mai waƙar. Wa ya ba da shaida? Mai waƙar. Shari'ar da alƙali shi ne mai karɓar kyauta, ai an san inda za ta faɗa.

Wanda ya fi kowa tona asirin wannan ma'auni, ko da ba niyyarsa ke nan ba, shi ne Muhammadu Gambo na Fagada a ƙasar Maiyama, wanda aka fi sani da Gambu mai waƙar ɓarayi. Ya ɗauki kayan aikin yabo gaba ɗaya, kirari da zuga da ambaton kyauta, ya ɗora su a kan mutanen da ke fasa gidajen jama'a da dare, kuma suka zauna daram. Ɓarawo ma yana iya zama mai kyauta. Idan sakin hannu kaɗai ne kirki, to sai mu buɗe wa yaran Gambu ƙofa su shigo sahu. Daga baya shi kansa Gambu ya bar wannan waƙa ya ce ya tuba.

Wani Bature, Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a Arewa kafin ya koma koyarwa a jami'ar Oxford ta Ingila, ya taɓa zama ya tattara halayen da Hausawa ke nufi idan sun ce mutumin kirki. An buga nazarin nasa a 1974. Ya lissafa guda goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Lissafin ya yi kyau, har yau ɗaliban Hausa na haddace shi don jarrabawa. Ni dai abin da na gani shi ne, mutum yana iya riƙe yawancinsu cikin kwanciyar hankali matuƙar ba a taɓa abin da ya fi so ba. Ladabi ba ya cin kuɗi. Ranar da adalci ya ce ka sauka daga kujerar da kake ganin taka ce, ran nan ake sanin ko halayen nan sun kai zuci.

Malamin da ya juya wa nasara baya

An haifi Abdullahi ɗan Fodiyo wajen 1766, ƙane ne ga Shehu Usmanu da kimanin shekara 12, kuma almajirinsa. Shi ya jagoranci rundunar jama'ar Shehu a Tabkin Kwatto a watan Yuni 1804. Shi ne kuma ya ci Birnin Kebbi da yaƙi a watan Afrilu 1805, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice daga birnin. A fagen ilimi kuwa ba a ja da shi: tafsirinsa Liya'ut Tawili har yau ana karanta shi a zaurukan malamai daga Gwandu har Kano, ga littattafan nahawu da fiƙihu da na tsarin mulki.

Littafinsa da ya shafe mu a nan shi ne Tazyinul Waraƙati, wanda ya kammala a 1813. Ya tattara waƙoƙinsa na Larabci a ciki, yana bayanin halin da ya yi kowace. Wanda ya buɗe shi yana tsammanin kirarin mayaƙi zai samu, amma zai tarar da wani abu daban. Mutumin da ya ci yaƙi ne yake kuka da mutanensa. Tun kafin karon Alwasa a ƙarshen 1805, inda jama'ar Shehu suka yi asarar rayuka masu yawa ba da nisa da Birnin Kebbi ba, ya ga mayaƙa suna wasoson dukiyar mutanen da ba a yaƙi da su, ya hana, ba su ji ba. Abokansa na farko, masu karatu da tsoron Allah, yaƙi ya cinye da yawansu. Waɗanda suka cike gurbinsu, a ganinsa, sarauta da abin duniya ne a gabansu.

Wajen 1807, ana kan hanyar yaƙin Alƙalawa, sai ya saki rundunar ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka, ba da shirin dawowa ba. Ka tsaya ka auna wannan. Shi ne na biyu a daular da take tasowa. Ganima tana shigowa, garuruwa suna miƙa wuya. A daidai lokacin da kowa ke matsowa kusa da tukunya, shi ya wanke hannu ya tashi.

Da a tatsuniya ne, nan za a tsaya a tafa masa. Amma da ya isa Kano, mutanen gari suka tare shi, suka nemi ya zauna ya koya musu yadda ake mulki bisa shari'a. Ya dubi Kano ya ga irin abin da ya gudo ya bari a gida. Ya zauna ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, littafin da ke shimfiɗa wa masu mulki haƙƙin talakawa a kansu, ya karantar da su tafsiri. Daga nan ya juya linzami ya koma yamma. Bai taɓa zuwa Makka ba har ya bar duniya.

Masu wa'azi sun fi son ba da labarin fitarsa, don ya dace da babin gudun duniya. A ganina dawowar ta fi fitar nauyi. Fitar, duk da kyawunta, akwai rabon kansa a ciki: zai tsira da addininsa, ya huta da ganin abin da ke ƙona masa rai, ya ƙare kwanansa kusa da Manzon Allah (SAW). Wane malami ne ba ya burin haka? Dawowar kuwa ba ta da wani daɗi. Komawa ce cikin mutanen da ya riga ya yanke ƙauna da su, ya ci gaba da yi musu alƙalanci da nasiha, ya san da yawa ba za su ji ba. Akwai son kai irin na masu ibada, wanda mutum ke tsare tsarkin rigarsa ya bar jama'a cikin taɓo. Abdullahi ya kusa faɗa masa, Kanawa suka tare shi, shi kuma ya yarda a tare shi.

Ƙofar da aka rufe

Jarrabawa ta biyu ta fi ta farko ɗaci. A 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa gida biyu, yamma ga Abdullahi, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello. Da Shehu ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu 1817, Abdullahi yana Boɗinga. Ruwayar da ta shahara ta ce ya hau ya nufo Sakkwato, ya tarar an rufe ƙofar gari, an riga an yi wa Bello mubaya'a. Bello ɗan wansa ne, Abdullahi ya girme shi da kimanin shekara 15, kuma Bello yana cikin waɗanda suka yi karatu a gabansa.

Kada mu mai da shi mala'ika. Abin ya yi masa ciwo. Ya koma Gwandu, ya rubuta littafi a kan sharuɗɗan shugabanci, aka shekara uku ko fiye tsakaninsa da Bello babu armashi. Ana cikin haka mutanen Kalambaina ta kusa da Gwandu suka yi masa tawaye, ya yi ta fama da su bai ci nasara ba. Wajen 1820 Bello ya taho da runduna ya taimaka, aka ci garin.

Abin da ya faru bayan yaƙin shi ne tarihin baka da na rubuce suka riƙe. Suka fuskanci juna a kan dawaki. Bello, a matsayin ɗa, ya yunƙura zai sauka ya gai da baffansa. Abdullahi ya yi masa ishara ya zauna, shi ya sunkuya ya gaishe shi da sunan Sarkin Musulmi. Ana kuma ruwaito cewa ya miƙa wa Giɗaɗo ɗan Laima alkyabbarsa, alamar ya sallama masa waziranci, muƙamin da shi Abdullahi ya riƙe a zamanin Shehu.

Mai raɗa a zaman makoki zai ce, "To ai dole ce ta sa, an cece shi." Akwai gaskiya a maganarsa, ba za a share ta ba. Amma dole tana sa mutum ya yi shiru ne, ba ta sa ya sunkuya a gaban runduna biyu ga yaron da ya koya wa karatu. Kuma muna da abin da ya biyo baya. Bai sake tayar da maganar ba. Ya bar yawancin harkokin mulkin yamma a hannun ɗansa Muhammadu da ɗan wansa Buhari, ya koma ga karantarwa da rubutu har ya rasu a Gwandu wajen 1829. Da ya so ya raba daular biyu da takobi, yana da mutane, yana da hujjar ilimi, yana da girman shekaru. Abin da ya bari, yana ganin haƙƙinsa ne, kuma babu ƙwan da aka fasa masa daga baya dukiya ta fito.

Waɗanda ba a yi musu tambari

Kada mai karatu ya ɗauka sai mai rawani ne ke da abin sadaukarwa. Nana Asma'u, ɗiyar Shehu kuma matar Waziri Giɗaɗo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi wa manyan gidansu marsiyya. Amma cikin waƙoƙinta na Fulatanci akwai wadda ta yi wa wata mata mai suna Zaharatu, wadda ba 'yar sarauta ba ce. Abin da ta yabe ta da shi: tana karantar da mata, tana zuwa wurin mai naƙuda, tana wankan gawa idan an kira ta. Ka dubi ayyukan nan da kyau. Gawa ba ta godiya. Mai naƙuda ba ta cikin hayyacin da za ta san wa ya riƙe ta. Aiki ne na tsakar dare, wanda ba maroƙin da zai tsaya a kai. Asma'u ta ɗauki alƙalamin da ta yi wa Sarkin Musulmi Bello marsiyya da shi ta rubuta sunan wannan mata, kuma da ba ta yi haka ba da yau ba wanda ya san an yi ta.

Ko a littattafan boko akwai irinta. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934, sunan ɗan aka sa masa, shi ne malamin da ɗalibai ke kewayewa. Amma wadda ta biya farashi ita ce uwarsa, da ta bar gida neman ɗanta da aka sace, ta faɗa hannun masu cinikin bayi, ta ƙetare hamada, ta gan shi a ƙarshe ta cika ba da jimawa ba. Ɗalibai da yawa sun amsa tambayar jarrabawa a kan halayen Umar. Ban cika jin an tambaye su halayen uwar ba.

Daga bakin Matan Fada

Saura wata magana mai nauyi, wadda ba za a tsallake ta ba idan ana rubutu a kan wannan kwari. Yau fadar Sarkin Gwandu a Birnin Kebbi take, sunan Abdullahi Fodiyo take ɗauke da shi, birnin kuma shi ne hedikwatar jiha tun 1991. Amma ka hau mota ka nufi Argungu, tafiyar da ba ta wuce awa guda ba, ka shiga gidan tarihi na Kanta. A can labarin 1805 yana da wani ɗanɗano. Kabawa jikokin daular da Kanta ya kafa ne tun farkon ƙarni na 16, mai birni a Surame. Shekarar da Gwandu ke ƙirgawa a cikin nasarori, su shekarar da suka rasa babban birninsu ce. Hodi ya ci gaba da turjiya har aka kashe shi. Magajinsa Karari ya riƙe Argungu har 1831, shi ma aka kashe shi. Daga 1849 yaƙi ya sake tashi, aka yi ta gwabzawa, in ban da 'yan shekarun sulhun Lafiyar Toga da aka ƙulla a 1867, har zuwan Turawa.

Wannan bai rushe abin da muka faɗa a kan Abdullahi ba. Abin da ya nuna shi ne iyakar adabin da muke karantawa. Mai alƙalami nasa yake yi wa kuka. Tazyinul Waraƙati ya ambaci malaman da suka faɗi a fagen fama, ya yi juyayinsu. Masuncin Kabi da aka ƙone rumbunsa bai bar mana littafi ba. Abdullahi ya fi yawancin mutanen zamaninsa jin zafin zaluncin da nasa suka yi, shi ya sa muke girmama shi. Duk da haka sadaukarwar da muka gani a Kalambaina tsakanin baffa da ɗa aka yi ta, cikin gida ɗaya. Sauka daga doki saboda wanda ba naka ba, wanda kakanninku suka zubar da jinin juna, wani mataki ne daban.

An ɗauki fiye da ƙarni kafin a taka shi a fili. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya karɓe shi, aka shirya masa gagarumin su a gulbi don girmamawa. Daga nan bikin kamun kifi na Argungu ya samo siffar da duniya ta san shi da ita, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun da ake tattalinsu a 2016. Dubban masunta da ke rugawa cikin gulbin Matan Fada da homa da gora, hankalinsu na kan babban kifi da kyautar da ke bayansa, kuma ba laifinsu ba ne. Amma asalin taron sarakuna biyu ne, kowanne ya haɗiye abin da ya gada na gaba, ɗaya ya taka zuwa gidan abokin gabar kakanninsa, ɗaya ya shimfiɗa masa tabarma.

To, akwai mai alheri ba ya jiran komai? Mumini dai yana jiran lada wurin Allah, Abdullahi da Zaharatu ba su ɓoye wannan ba. Abin da ba su jira ba shi ne kwasar adashe daga hannun mutane, kuma a kan wannan muna da shaidar aikinsu.

Akwai mutum ɗaya da na tsallake da gangan a tarihin Argungu. Yakubu Nabame, ɗan Karari, ya shafe shekaru a hannun Sakkwato bayan an kashe mahaifinsa, aka riƙe shi a fada, aka yarda da shi, daga baya aka bar shi ya koma ƙasarsu. Shi ne ya ɗaga tutar 1849. A wani gari ana kiran abin da ya yi cin amana, a wani garin kuma cika amanar uba da ƙasa. Babi na gaba a kan amana yake, kuma da labarinsa za mu buɗe shi.